Waƙoƙin Kiwo na Banyankore da Bahororo: Tambayoyi da Amsoshi

A kudu maso yammacin Yuganda akwai makiyayan da ke yi wa shanunsu waƙa kullum, safe da yamma. Babu makaɗi a gefe, babu 'yan amshi, babu mai liƙi. Mutum ne da sandarsa a tsakiyar garke, yana kiran saniya da sunanta, yana ambaton uwarta da kakarta, yana tuna mata rijiyar da suka sha bara. Waƙar da ta fito bakinsa yau, gobe in ya sake ɗaukowa sai ka ji ta canza kama. Ga amsoshin tambayoyin da Bahaushe zai fi yi idan ya fara jin labarin.

Su wane ne Banyankore da Bahororo?

Banyankore su ne mutanen ƙasar Nkore, wadda Turawan Ingila suka riƙa kira Ankole. Babban birninsu Mbarara, kimanin kilomita 270 daga Kampala, kuma tun daga shigar gari za ka ga mutum-mutumin sa mai dogayen ƙahoni a shataletale. A ƙidayar 2014 sun haura miliyan 3, su ne na biyu a yawa bayan Baganda. Tun asali gida biyu ne: Bahima masu kiwo da Bairu masu noma, harshensu ɗaya, Runyankore. Sarkinsu ana ce masa Omugabe, tambarin sarautar kuma Bagyendanwa. An ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1901, gwamnatin Milton Obote ta rushe masarautun Yuganda a 1967, da aka buɗe ƙofar maido da su a 1993 Buganda da Toro da Bunyoro suka dawo, ta Ankole kuwa ba ta dawo ba.

Bahororo kuma jikokin mutanen daular Mpororo ne, wadda dangin Bashambo suka mulka, tambarinsu Murorwa. Daular ta tarwatse a ƙarni na 18 bayan zamanin sarki Kahaya Rutindangyezi, 'ya'yansa kowa ya riƙe yankinsa. A yau ana samun Bahororo a Rujumbura cikin gundumar Rukungiri, da Kajara cikin Ntungamo, har zuwa arewa maso gabashin Ruwanda. Harshensu Ruhororo, wanda mai jin Runyankore ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimta.

Bahororon nan ba su ne Bororon da muka sani ba?

A'a. Kunne ne kawai ya haɗa sunayen. Bahororo daga kalmar Mpororo ya fito, harshensu na dangin Bantu ne, ɗan'uwan Luganda da Kinyarwanda, ba ya haɗa hanya da Fulatanci.

Akwai wani abu da ke rikita Bahaushe a nan. A wurinmu "Ba" na mutum ɗaya ne: Bahaushe, Bakano, Bagobiri. A wurinsu "Ba" jam'i ne. Mutum ɗaya Muhororo, Munyankore, Muhima. Idan sun yi yawa sai su zama Bahororo, Banyankore, Bahima. Amma wanda ya taɓa ganin jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho suna gangarowa mashaya, ba zai ga baƙon abu ba idan ya tsaya gaban garken Ankole. Sana'ar ce ta zo ɗaya, kuma kiwo duk inda yake yana koya wa mutum irin halinsa.

Yaushe ake yin waƙar, kuma a ina?

Aikin yini ne ke tsara ta. Da asuba ana hura wutar busasshiyar kashin shanu, wadda suke kira ekomi. Hayaƙinta na korar ƙudaje, shanu kuwa suna son ta, sai su zo su kewaye ta suna tuƙa. A nan filin tatsa, eishaazi, ake sakin maraƙi ya fara tsotsa, nono na sauka a janye shi a riƙe shi gaban uwar tana lasarsa. Mai tatsa ya tsuguna, ya matse ekyanzi tsakanin gwiwoyinsa, wato wani baƙin kwanon itace mai dogon wuya da aka turara cikinsa da hayaƙin ciyawa. Wani na tsaye yana share wa saniyar jiki da enkuyo, ɗan abin goge shanu. A wannan lokaci murya ƙasa-ƙasa take, rabi magana rabi rerawa, ana lallashi.

Da rana ta ɗaga sai a fita daji. Can makiyayi, omuriisa, yake sakin murya, don babu kowa sai shi da tudu da ciyawa. Da tsakar rana a nufi ruwa, abin da suke kira okweshera. Wannan aiki ne na ƙarfi: mutum ya shiga rijiya yana ɗebo ruwa da gugan itace yana miƙawa, ana zubawa a kwamin laka, obwato, ana sakin shanu kaɗan-kaɗan don kada su turmushe kwamin. Waƙar bakin rijiya tana tafiya da motsin guga, tana kuma riƙe waɗanda ke jiran layi. Da yamma ana korowa gida, kuma waƙar wannan lokaci ita ce ta fi tsawo da daɗi, don ciki ya cika, hankali ya kwanta.

Idan nan take ake ƙirƙira ta, ba kawai abin da ya zo baki ake faɗi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi bukatar a tsaya a kanta. Duk wanda ya san mai kirari ko mawaƙin noma ya san cewa abin da ke fitowa nan take daga rumbu yake fitowa. Yaron Bahima tun yana kiwon 'yan maruƙa a bayan gida yake tara nasa rumbun: sunayen launi, sunayen ƙaho, sunayen tuddai da rijiyoyi, tsofaffin kalmomin da ba a amfani da su a kasuwa, da jimlolin yabo da ya ji a bakin mahaifinsa da yayyensa. Karin muryar ma gado ne. Yawanci ana ɗaukar ta daga sama, a ja ta da lanƙwasa, a gangaro da ita har numfashi ya ƙare, sannan a sake ɗauka. Babu ganga da za ta ƙayyade masa taku, numfashinsa ne ma'auni.

Abin da yake nasa shi ne zaɓi da haɗi. A ce mutum yana da wata saniya da abokinsa ya ba shi kyautar zumunci, irin wadda suke kira empaano, wadda wata rana shi ma zai rama da tasa. Yau ta shige gaba ta ja garke zuwa ruwa. Zai kira ta da sunan launinta, ya yabi farin ƙahonta, ya ambaci gidan da ta fito da mutumin da ya bayar da ita, ya tuna ranin da ta rame har ana cewa ba za ta kai damina ba, ya dawo kan 'yar da ta haifa wadda ke biye da ita yanzu. Gobe idan wata ce ta yi abin a yaba, ko kura ta kewaya shinge da dare, ko hadari ya haɗu a gabas, zancen zai bi can. Muryar tana nan yadda take, kalmomin rumbu suna nan, labarin ne sabo.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauki waƙar a matsayin abin kashe lokaci. Mutumin da ba ya rubutu, a nan yake ajiye lissafinsa: wace saniya ta fito daga wane tsatso, wa ya ba shi, wa yake bi bashin saniya, a wace shekara aka yi ƙaura. Yaran da ke saurare suna haddacewa ba tare da an zaunar da su ba.

Da gaske kowace saniya tana da suna?

Kowace ɗaya. Mafi yawan sunayen daga launi da zanen jiki ake ɗauko su. Bihogo ita ce ja mai duhu, kuma ita ce sarauniyar launuka a wurinsu, musamman idan ta haɗa da fararen ƙahoni masu kyan lanƙwasa. Gaaju ja ce mai haske. Siina ta fi Bihogo duhu. Kyozi baƙa ce. Kyasha tana da farin tabo a goshi. Mayenje mai ɗige-ɗigen fari. Ngabo mai manyan faci na fari. Wadda ba ta da ƙaho kuwa enkungu. Idan namiji ne sai sunan ya ɗauki "Ru" a gaba: Ruhogo, Rugaaju, Rusiina.

Suna ɗaya ba ya isa a garke mai shanu ɗari, don haka ake haɗa shi da na uwa, kamar yadda muke cewa wance 'yar wance. Daga nan zuwa waƙa taku ɗaya ne, don jero asalin saniya kaɗai ya riga ya zama baiti. Har tatsuniyoyinsu na Bachwezi, sarakunan da suke cewa sun mulki yankin a zamanin da, suna ɗauke da labarin wata Bihogo da maigidanta ya so ta fiye da kima.

Su shanun ma sun isa a yi musu waƙa. Irin Sanga ne, wani jinsin shanun Afirka, masu ɗan ƙaramin tozo, ƙahoninsu kan kai mita 2 daga tsini zuwa tsini. Cikin ƙahon kamar saƙar zuma yake, jini na zagayawa a ciki, yana taimaka wa dabbar ta sauke zafin jiki. Idan garke ya matsu a hanya ƙahoni suna gogar juna, akwai wata ƙara da ke tashi, ƙwas-ƙwas, wadda mai kiwo ke jin daɗinta kamar kiɗa.

Mene ne ekyevugo da ekirahiro? Su ne waƙar kiwon?

'Yan gida ɗaya ne, amma akwai bambanci. Waƙa da ake rerawa, kowace iri, ekyeshongoro ce, jam'inta ebyeshongoro. Ekyevugo kuwa kirari ne. Namiji ya miƙe a gaban jama'a da mashi ko sanda a hannu, ya riƙa zuba kalmomi da sauri, yana faɗin jarumtarsa, kowane sashe cikin numfashi guda. Layuka da yawa suna buɗewa da sunan yabo da ya raɗa wa kansa, mai farawa da "Ru". Wanda ya taɓa jin kirarin maharba ko na 'yan tauri zai gane yanayin nan da nan. Mai yin sa omwevugi, aikin kuma okwevuga. A da a gaban Omugabe ake yi bayan an dawo daga yaƙi ko harin shanu.

Ekirahiro shi ne irin wannan kirari idan shanu ne abin yabo. Da mulkin Turawa ya hana kai hari, sai baiwar ta ƙara karkata zuwa garke, shanu suka zama su ne dakarun da ake wasawa: yadda suka keta daji, yadda suka jure ƙishi, yadda suka isa sabon wuri ba su watse ba.

Bambancin a taƙaice shi ne, kirari ana shirya shi tun kafin ranar, a haddace, a goge, a kawo shi gaban mutane. Waƙar daji kuwa ba ta jiran taro. Amma rumbunsu ɗaya, kuma sau da yawa layin da ya yi daɗi a bakin rijiya shi ne zai shiga kirarin da za a yi a gidan biki.

Shanun suna jin abin da ake faɗa?

Ma'anar kalma dai ba su sani ba, amma sun san muryar mai su, kuma da yawa suna amsa sunansu, su ɗago kai ko su taho. Akwai kuma dalili na jiki. Saniyar da ta tsorata tana riƙe nono, wadda hankalinta ya kwanta tana sakinsa. Muryar da ta saba ji kullum a lokacin tatsa tana cikin abin da ke kwantar mata da hankali. A daji ma garken da ke jin muryar makiyayi ba ya yawan bazuwa. Ban da waƙa akwai fito da wasu 'yan sautuka na baki, kowanne da aikinsa: na tashi, na tsayawa, na sha.

Ana haɗawa da kayan kiɗa?

A daji sarewa ce kawai, omukuri. Ita ma sau da yawa muryar waƙar take bi. A gida akwai enanga, wani itace da aka fafe kamar doguwar akushi, aka ɗaura masa tsirkiya ana kai ta ana dawowa har ta ba da layuka da dama. Sautinta a hankali yake, na cikin ɗaki da dare. Kiɗan Bahima na asali ba na ganguna ba ne. Ganga da tukunyar kiɗa da kacau-kacau na ƙafa sun fi fitowa a rawar ekitaguriro, wadda yanzu ta zama ta Banyankore baki ɗaya. A cikinta masu rawa suna ɗaga hannuwa sama su buɗe su kamar ƙahoni, maza suna dukan ƙasa da ƙafa kamar takun garke.

Mata fa?

A al'adar Bahima maza ne ke kiwo da tatsa. Daga lokacin da nono ya shigo ɗaki kuwa ya koma hannun mata. Su ke wanke ebyanzi, wato kwanonin tatsar nan na itace, su turara su, su jera su a kan dandamalinsu, orugyegye, su kaɗa nono a cikin babban duma, ekishaabo, su fitar da man shanu. Daga man ne ake yin eshabwe, farar miyar da ba a rasa ta a biki. Suna da nasu waƙoƙin na yabon shanu, waɗanda suke yi a zaune, a lulluɓe, da enanga, suna motsa hannuwa a hankali. Mace ba ta bin garke daji, amma ta san ɗanɗanon nonon kowace saniya da yawan man da yake bayarwa, kuma shanun da aka kawo na aurenta, enjugano, suna cikin tarihinta.

Akwai bambanci tsakanin waƙar Banyankore da ta Bahororo?

Gangar jikin ɗaya ce. Bambancin yana cikin karin harshe, da sunayen wurare, da dangogi da sarakunan da ake ambata. Muhororo zai kira tuddan Rujumbura da Kajara da zuriyar Bashambo, mutumin Nyabushozi ta ƙasar Nkore zai kira nasa filayen da zuriyar Bahinda, gidan sarautar Nkore. Da yake tsohuwar Mpororo ta ratsa iyakar yau, Bahororo suna maƙwabtaka da al'adar Ruwanda, inda ake da amahamba, waƙoƙin koro shanu gida, da amazina y'inka, dogayen waƙoƙin yabon shanun sarki. A gidan tarihi na fadar Nyanza har yanzu makiyaya suna rera wa inyambo, shanun sarauta masu dogon ƙaho, waƙa a gaban baƙi.

Me ya sa ake cewa al'adar tana ja da baya?

Masifu sun sha faɗa wa shanun nan ba su kashe waƙar ba. Ciwon bushiya ya share garkuna a shekarun 1890. A tsakiyar ƙarni na 20 ƙudan tsando ya kori makiyaya da yawa daga filayensu, wasu har cikin Buganda. A 1983 aka mayar da yankin tafkin Mburo gandun namun daji na ƙasa aka fitar da masu kiwo. Duk waɗannan sun zama abin faɗa a waƙa, don ƙaura da asara abincin mawaƙi ne.

Abin da ke faruwa yanzu daban ne, domin abin da ake yi wa waƙar ne kansa ke canzawa. Filin da ake yawo a da an yanka shi gonaki, an kewaye da waya. Saniyar Ankole tana ba da lita 2 zuwa 3 a rana, wadda aka haɗa da irin Turawa mai baƙi da fari tana ba da lita 10 ko fiye. Gundumomi irin su Kiruhura da Kazo sun zama cibiyar madarar Yuganda, da sassafe babura ke fita da garewani zuwa wurin sanyaya madara. Tun da aka fara karatun firamare kyauta a 1997, yaron da a da zai yini bayan maruƙa yana aji, kiwon kuma sau da yawa ɗan haya ke yi, wanda bai san kakar kowace saniya ba.

Ban ga laifin uban da ya zaɓi lita 10 don ya biya kuɗin makaranta ba. Amma abin da ke tafiya yana da yawa. Saniyar da aka ƙone mata ƙaho tun tana 'yar maraƙa, aka maƙala mata lamba a kunne, launinta iri ɗaya da na sauran, me za a ce da ita? Ina Gaaju, ina Mayenje? Ruwa kuma yana zuwa daga madatsa ko famfo, ba wanda ke shiga rijiya da guga, balle a yi waƙar guga. Kirari ya fi samun mafita, don ana gayyatar omwevugi bikin okuhingira, ranar miƙa amarya ga dangin miji, a ba shi lasifika a biya shi. Waƙar daji ba ta da wanda zai gayyace ta. Inda ta rage da ƙarfinta shi ne gidajen da suka raba garke biyu, na madara a gefe, na Ankole a gefe, kuma irin waɗannan gidaje suna nan da dama. Shugaba Yoweri Museveni kansa yana kiwon Ankole a gonarsa ta Rwakitura.

An taɓa taskace su? A ina mutum zai ji?

An yi ƙoƙari. Hugh Tracey, masanin kiɗan Afirka, ya ɗauki muryoyi a Yuganda a 1950 da 1952, kuma ajiyarsa tana Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu. Klaus Wachsmann, wanda ya riƙe gidan tarihin Yuganda a Kampala, shi ma ya ɗauki nasa a wannan zamani. A 1964 H. F. Morris ya fitar da littafi a kan kirarin Bahima, da Runyankore da fassarar Turanci, a 1977 kuma Paul van Thiel ya fitar da nasa a kan kiɗe-kiɗen Ankole. Sai dai waƙar da ke canzawa kullum, abin da na'ura za ta kama shi ne ta rana ɗaya a bakin mutum ɗaya.

Wanda ya je Yuganda, akwai cibiyar al'adu ta Igongo a Biharwe, dab da Mbarara a kan hanyar Kampala, inda zai ga ebyanzi da enanga da yadda ake shirya ɗakin nono. Wanda ke gida kuma ya nema a YouTube da kalmomin okwevuga, ebyevugo, enanga ko amahamba. Yawancin abin da zai fito na gidan biki ne. Ya daure ya nemi wanda aka ɗauka a cikin garke, ya kasa kunne ga sunayen Bihogo da Siina da Kyasha, ya kuma lura da wace saniya ce ke juyo da kai idan an kira.